Mukulli na Goma Sha Biyu

Odessa Whitlow tana nan a garin Gary har yau, a gidanta mai koriyar baranda, kuma ni ce na bar ta a can. Gara in faɗa tun da wuri, kada wani ya zaci labarin ƙawance mai daɗi zan ba shi.

Shekara talatin da takwas ƙofata tana kallon tata. Mijinta Cleophus da nawa mijin tare suke fita masana'antar ƙarfe, tare suke dawowa da baƙin hanci, kuma shekara biyu ce kacal tsakanin jana'izarsu. Ita girki ta yi a kicin ɗin wata firamare har ta yi ritaya. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kullum tana sauri kamar wadda aka aika. Babban ciwonta shi ne ba ta iya cewa a'a ba. Wannan ya fi cutar da ita a kan asmar da ke shaƙe ta duk lokacin sanyi.

Layinmu gida goma sha huɗu ne. Da masana'anta ta fara sallamar ma'aikata, mutane suka fara kwashe kaya. Iyalan Tolliver ne suka fara tafiya. Suka rufe ƙofa suka kama hanya, ba su bar wa kowa amana ba. Ciyawa ta yi tsayi, takardun talla suka taru a bakin ƙofa, duk mai wucewa ya san ba kowa a ciki. Kafin wata biyu ɓarayi sun shiga sun ɓalle bututun ruwa da wayoyin lantarki don jan ƙarfen da ke jikinsu, bayan nan kuma wuta ta cinye abin da ya rage. Zafinta har ya narkar da fentin gidan da ke kusa.

Daga nan layin ya yi wa kansa doka, ba tare da an zauna taro ba. Mis Geneva Stallworth ce ta fara. Da za ta koma wurin ɗanta a Reno, sai ta gasa kek ɗin dankali mai zaƙi, ta ɗora mukullin gidanta a gefen farantin, ta rufe da tawul, ta kai wa maƙwabciyarta. Shi ke nan ya zama al'ada. Mai tafiya zai gasa kek, ya tsallaka titi da faranti. Ba a mayar da faranti, wato ba a ƙin karɓa. Wanda ya karɓa ya karɓi gidan: yankan ciyawa, kwashe dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa, tsince takardu, sauya zaman labule, kunna fitilar baranda, don ɓarawo ya ga alamar mutum. In kuma shi ma tafiyar ta kama shi, sai ya haɗa nasa mukullin da duk waɗanda aka ba shi, ya kai wa wanda ya rage.

Masu gidajen ba su sayar ba, don babu mai saye. Kowa cewa yake za mu dawo in abubuwa sun gyaru. Haka mukullai suka riƙa gangarowa daga hannu zuwa hannu, kuma da yake kowa ya san ƙofar da ba a jin a'a, sai suka taru wurin Odessa. Ni ban taɓa karɓar ko ɗaya ba. Da na hango mutum da faranti sai in shige banɗaki in buɗe famfo. Sai da ta kai layin ya rage mu biyu, ita da mukulli goma sha ɗaya a zobe guda, ni da nawa ɗaya tal.

Kowane mukulli ta ɗaura masa 'yar takarda da sunan garin da mai shi ya koma. Reno, Waco, Mesa, Omaha, Tampa, wani Renon kuma. Wata rana tana jujjuya su a barandata ta ce, "Bernie, kin lura? Mu 'yan layin nan ko gudu za mu yi, sai garin da sunansa gajere ne kamar namu."

Na ce, "To da kina so su tafi Indianapolis ki rasa inda za ki rubuta?"

"Da na ji daɗi, ai nan kusa ne. Da ko ba komai suna zuwa su yanke ciyawarsu."

Yawan mutanen garuruwan nan kuwa a kanta yake, domin sau biyu tana aikin ƙidaya, tana bi gida gida da jaka a kafaɗa. Ko ba ka tambaye ta ba za ta karanto maka. Gary lokacin muna 'yan mata mutum kusan dubu ɗari da tamanin, yanzu ba ta kai dubu saba'in ba. Mesa, inda 'yarta Yvette take, ta haura dubu ɗari biyar. Reno dubu ɗari biyu da sittin da 'yan kai. Tulsa, inda ɗana Darnell yake, dubu ɗari huɗu da wani abu. Takan ce, "Mutanenmu ne suka cika musu lissafi. Mu muka haifa, muka raina, su aka rubuta wa."

A ƙidayar ƙarshe, shekarar annoba, ta zo ƙofata da takunkumi a fuska. Ƙa'idar aikin ita ce in an buga gida ba a amsa ba, a tambayi maƙwabci. Ta gyara murya ta ce, "Baiwar Allah, ko kin san akwai mai zama a gida mai lamba tara?"

Na ce, "Dessa, mukullin gidan yana aljihunki. Ke kika wanke labulensa ranar Talata."

"Ni dai amsa za ki ba ni. Aiki nake."

"Ba kowa."

"Lamba sha ɗaya fa?"

Haka muka bi layin kaf. Gidajen da ta yi shekaru tana wahala don su yi kama da masu mutane, ita ce da hannunta ta shigar da su a matsayin kango. Da muka gama ta zauna a matakalar barandata ta sauke takunkumin, ta daɗe tana shan iska. Na kawo mata ruwa.

Yvette ta yi shekara bakwai tana roƙonta ta koma wurinta a Mesa. Ta gyara mata ɗaki, ta turo hotonsa, gado da farar shimfiɗa da taga mai kallon bishiyar lemo. Odessa ta manna hoton a jikin firij. Duk bazara sai ta ce bana ne, duk kaka sai ta ce bari a ga bayan sanyi. Ba ƙin tafiyar take ba. Ta fi kowa son ta. Ta san watan da lemon yake nuna, ta san lambar motar da ke bi ta ƙofar cocin da za ta riƙa zuwa. Amma gida goma sha ɗaya suna rataye a wuyanta, masu su kuma suna bugo waya lokacin Kirsimeti suna cewa, "Mis Odessa, Allah ya saka, ba don ke ba da mun shiga uku." Ni kam in na ji wannan godiyar raina ɓaci yake. Mutum yana zaune cikin rana a Tampa da gajeren wando, yana sa wa tsohuwa albarka don ta ci gaba da kwashe masa ƙanƙara.

A watan Janairun bara na leƙa ta taga na gan ta kwance a gaban gidan Stallworth, shebur a gefenta. Numfashi ya ƙi fita. Kwana shida ta yi a asibiti. Likita ya faɗa mata a gabana, ya ce ƙirjinta ba zai ɗauki wani sanyin irin na nan ba. Yvette ta daina roƙo, ta sayi tikitin jirgi na ƙarshen Oktoba ta turo.

Odessa ba ta ce mini komai game da mukullan ba, amma ai ba sai an faɗa ba. Mutum biyu ne a layin. Abin da ba ta sani ba shi ne tun watan Agusta na amsa wa Darnell cewa zan koma Tulsa. Gwiwoyina sun gaji, ina tsoron matakalar gidana, ina son in ga jikokina ba ta waya ba. Na ɓoye mata. Na ce wa kaina ina jiran lokacin da ya dace, alhali tsoro ne kawai. Na san in ta riga ni tsallako titi da faranti, shi ke nan. Zan karɓa, don ba a mayarwa, kuma bayana babu sauran wanda zan kai wa.

Ranar wata Juma'a a farkon Oktoba muka je kasuwa a motarta kamar kullum. Ina tura keken kaya, sai na ga ta saka dankali, ta saka man shanu, ta ɗauko kirfa da gyaɗar ƙamshi.

Na ce, "Dankali, Dessa? Ai bikin godiya, lokacin cin kek ɗin dankali, da saura."

Ta ce, "Kwaɗayi ne ya taso mini."

"Ke da likita ya hana ki zaƙi?"

"Likita ya hana ni abubuwa da yawa, 'yar nan. Tura mu je."

Ba ta kalle ni ba, har muka dawo gida. Da la'asar na hau motar haya na koma kasuwar ni kaɗai.

Na san yadda Odessa take kek. Sai ta gasa dankalin, ta ɓare, ta murje, ta tace shi a rariya don kada zare ya fito, ta kwaɓa fulawarta da hannu ta bar ta ta huta. Aikin rabin yini ne. Ni kuwa dankalin gwangwani na sayo, da ɓawon kek wanda aka riga aka yi a kanti. Uwata da ta ga wannan da ta tsine mini. Da safiyar Asabar ƙarfe tara da rabi nawa ya fito daga tanderu, tsakiyarsa tana rawa don bai gama yi ba. Na ciro mukullina, na ɗora a gefen faranti, na rufe da tawul. Na tsallaka titi na buga ƙofar Odessa.

Ta buɗe ƙofa da fulawa har gwiwar hannu. Ƙamshin kirfa ya cika gidan. A bayanta, cikin falo, ga akwatuna biyu a buɗe, ta fara jera kaya. A kan teburin kicin ga babban farantinta na baƙi ta wanke ta goge, ga zoben mukullan a kusa da shi.

Ta dubi tawul ɗin, ta dube ni.

Na ce, "Darnell ne ya matsa. Ranar ashirin ga wata zai zo da motar kaya."

"Tun yaushe kika sani?"

"Agusta."

Ta gyaɗa kai. Ina jira ta zage ni. Wallahi so nake ta zage ni, ta ce in kwashe tsiyata in bar mata ƙofa, ta zama mutum na farko da ya mayar da faranti a layin nan. Da ta yi haka da mu duka biyun mun tsira. Da sai mu zuba mukullan a ambulan mu aika wa masu su, kowa ya ji da gidansa. Har na buɗe baki zan ce mata haka, sai na tuna ni ce tsaye da faranti a hannu, na fasa.

Ta goge hannunta a jikin zanen girki, ta miƙo hannu biyu ta karɓa.

"Makashin ruwanki, inda ake rufe ruwan gidan, yana ina? Ƙasa, bayan injin wanki?"

"Dessa, ki saurare ni. Tikitinki fa?"

"Ana ɗaga tikiti. Bayan injin wanki yake ko gefen matakala?"

"Gefen matakala."

"Tagar kicin ɗinki har yanzu ba ta kulluwa?"

"Sai an ɗaga ta kaɗan."

"To."

Ta kai farantin kicin ta ajiye. Ta ɗaga tawul ɗin, ta taɓa gefen kek ɗin da yatsa, ta ga ɓawon kanti ne. A nan ne kawai fuskarta ta motsa. Ta ce, "Sauri kika yi, Bernadine." A shekara talatin da takwas ba ta taɓa kiran cikakken sunana ba sai ranar.

Na tsaya a bakin kicin kamar an dasa ni, kunya ta hana ni shiga, ta hana ni fita. Agogon tanderu ya yi ƙara. Ta sa tsumma ta ciro nata kek ɗin, ya yi ja ya kumbura, ko tsaga ɗaya babu. Ta ɗora shi a kan tebur, ta ture akwatin da ke kan hanya da ƙafa, ta jawo mini kujera.

Ta ce, "Zauna mu ci nawa tun da zafinsa. Ba shi da wurin zuwa yanzu."