Guɗar Sabuwa Mai Banda

A unguwarmu a Nguru, in ka ji guɗa ta tashi ta ƙi sauka, ba sai ka tambaya ba, Sabuwa ce. 'Yar siririya ce, har mukan tsokane ta da cewa ina take ajiye wannan iska. Sai ta daki ƙirji ta ce, "A nan, 'yan baƙin ciki." Babu amaryar da aka kai ɗaki a layinmu ba da guɗarta ba, har da ni maƙwabciyarta.

Sai dai guɗa ba ta ci da gida. Sana'arta bandar kifi ce. Tun tana budurwa take sunkuye cikin hayaƙi, tana juya tarwaɗa da karfasa, ido na zubar da ruwa. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma da wannan hayaƙin ta riƙe Adawiyya, 'yar ƙanenta da ya rasu, har yarinyar ta gama makaranta.

Tari ya fara mata a hankali. Ta ce sanyi ne, ta yi ta shan citta da kanumfari. Sabuwa akwai taurin kai. Sai da ta kai ba ta iya ɗauko bokiti daga bakin rijiya ba ta tsaya ta dafa bango ba, sannan ta yarda na raka ta asibiti a Gashuwa. Lokacin an riga an sa ranar Adawiyya da wani malamin makaranta da take so.

Nas ɗin da ta zauna da mu bayan gwaji sunanta Nkechi, haifaffiyar garin, Hausa a bakinta kamar tamu. Ta ce, "Mama, huhu cike yake da ƙananan jakunkuna, ta nan iska ke shiga jini. Hayaƙi ya kumbura miki hanyoyin, jakunkunan kuma sun saki. Abin da ya lalace ba ya dawowa, amma in kin bar banda, sauran zai riƙe ki."

Sabuwa ta ce, "'Yar nan, guɗa fa?"

Nkechi ta fara dariya, da ta dubi fuskarta sai ta daina. Ta koya mata shaƙar iska ta hanci har ciki ya taso, domin akwai tsoka a ƙarƙashin huhu mai jawo numfashi, sannan ta fitar a hankali da baki a tsuke, kamar mai hura kunu.

Ta bar banda, abin da ban zaci za ta iya ba. Kullum da hantsi ina jin ta ta katanga tana gwada guɗa ƙasa-ƙasa, tari yana katse ta. Tausayi ya ishe ni, na ce, "Yaya, ki bar wata ta yi mana." Ta daina amsa gaisuwata, sai da na ba ta haƙuri.

Ranar kai amarya babu macen da ta yi guɗa, duk Sabuwa muke jira. A bakin ƙofar ɗakin ta kama hanci, ta ɗaga kai. Muryar ta fito tar kamar da, har tsigar jikina ta tashi. Ana tsaka sai ta yanke, tari ya sarƙe ta, ta jingina da ƙyaure. Mata suka kai hannu hanci za su ƙarasa mata, don a rufe abin.

Sai Adawiyya ta yaye lulluɓi a gaban dangin miji, abin da amarya ba ta yi, ta ce, "Ku bari. Gwaggo ba ta gama ba."

Muka tsaya muna kallon Sabuwa tana shaƙa, tana hurawa, har ƙirjin ya lafa. Sannan ta ƙarasa, gajeriya, a dishe, hannun yarinyar cikin nata. Ba ta sake yin guɗa ba daga ranar.