Ranar da Yaya A'i Ta Wanke Karatun Dorcas

In dai maganar tsafta ake a garin Bauchi, to a sa yayata A'i a gaba, sauran mata su bi layi. Ni Mansir ƙaninta, tela a Wunti, ni ne shaida, don a hannunta na tashi, har yau in na ga soso sai bayan kunnena ya yi zafi. Tun muna yara ita ke share tsakar gida kafin kowa ya farka, ta dawo ta sake sharewa wai kaza ta gifta. Mijinta ma, marigayi Malam Sabitu, tsaftar ce ta jawo shi. Duba-gari ne, ya shigo gidanmu neman laifi, ya leƙa randa, ya leƙa kwata, ya leƙa bayi, bai samu ko tsinke ba. Ba a jima ba sai ga manyansa sun zo neman aure.

Da ya rasu ya bar mata gida a Yelwa, kusa da jami'a. 'Ya'yanta duk sun yi aure sun watse, sai ta zuba ɗalibai mata haya a ɗakunan, suna ce mata Mama. Tana da wata al'ada: duk wadda za ta yi tafiya takan bar mata makulli, ita kuwa kafin yarinya ta dawo ta shiga ta wanke ɗakin tas, labule da kwanuka har ƙarƙashin gado, ta turara shi. Ba ta sanarwa, ba ta tsayawa karɓar godiya. A wurinta wannan shi ne sannu da zuwa.

Sai Allah ya kawo Dorcas, 'yar Bogoro, mai karatun digiri na biyu. Yarinya mai fara'a, amma kullum za ka gan ta ta dawo da taɓo har gwiwa. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "'Yar nan, wai karatu kike ko kwaɓa ƙasar gini?"

Ta yi dariya ta ce, "Kawu, laka nake karanta." Ta ce akwai wata fadama can bayan gari inda masu wanke ƙasar zinariya suka taɓa zama. Suna aiki da zaiba, wannan ruwan ƙarfe mai sheƙi da ke kama gwal, ragowar kuma ta bi ruwa ta kwanta cikin laka. A can ƙasa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke juya ta ta zama dafi mafi muni, ya shiga kifi, daga kifi ya shiga mutum. Amma a cikin lakar nan dai akwai wasu halittun da aikinsu shi ne su farfasa dafin. Su take son ta gwada, ta ga iya ƙoƙarinsu.

Yaya na gefe tana goge tukunya, ta ce, "Ƙwayoyin cuta dai."

"Ba duka ne ke kawo cuta ba, Mama."

"To Allah ya ba da sa'a. Ki dai wanke ƙafa kafin ki tako mini siminti."

Abin da Dorcas ba ta faɗa ba shi ne, ana gyaran rufin ɗakin gwajinsu, malaminta ya ce ta ajiye kwalaben lakarta a wuri mai duhu inda ba mai taɓawa. Dole su yi watanni a toshe gam, iska ba ta shiga ba, sannan a auna a ga ko dafin ya ragu. Ta naɗe su da baƙar leda, ta jera a kwali, ta tura ƙarƙashin gado. Ta san halin Yaya da tsafta, shi ya sa ta ja bakinta. Ga shi kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe. Jinyar babanta ta riga ta cinye mata lokaci, in ba ta gama bana ba, wa'adin da makaranta ta ba ta ya ƙare, karatu ya bi ruwa.

Hutun bikin Ista ya zo, Dorcas ta miƙa makulli ta tafi Bogoro. Ita sabuwa ce, ba ta san al'adar gidan ba.

Yaya ta shiga da tsintsiya da bokiti, ta jawo kwali, ta kwance leda, ta murɗe murfin kwalba guda. Wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya daki hancinta. "Innalillahi! Yarinya kyakkyawa haka, a kan wannan take kwana?" Ba ta yi wata-wata ba ta kwashe su duka. Da yake ba ta son ɓarna, lakar ta juye ta a gindin alayyahunta na bayan gida, wai taki. Kwalaben kuwa suka sha sabulu da toka da ruwan zafi, suka sha rana, suka fito ƙal. Har ta cika wasu da yaji da kuka, ta jera mata a taga, kyauta.

Ina gidan ranar da Dorcas ta dawo, na kawo wa Yaya ɗinkinta. Yarinya ta gaishe mu da murna, ta miƙa tsarabar acca, ta shiga ɗaki. Yaya har tana gyara zama tana jiran a yaba. Can sai ga Dorcas ta fito riƙe da kwalbar yaji, fuskarta ta canza. Na ce a raina yau akwai ihu a gidan nan.

"Mama, da hannunki kika taɓa lakar?" Ta kamo hannayen Yaya tana jujjuya su. "Ba ki da yanka ko ƙaiƙayi? Ina kika zuba? Kin ci yajin nan? Kin ba wani?"

Sai da ta tabbatar ba wanda ya ci komai, ta kwashe yaji da kuka ta ƙulle, ta sa safar hannu ta tuge alayyahun, ta kankare ƙasar wurin ta ɗura a buhu. Da ta gama duk wannan, sannan ta zauna a bakin ƙofarta ta fashe da kuka. Wallahi ta ba ni tausayi.

Ban taɓa ganin jikin Yaya ya yi sanyi irin na ranar ba. Ta ja ni gefe ta ce, "Mansir, ka gani? Na rusa mata aikin shekara, amma hannuna ta fara tambaya."

Mafita ɗaya ce, a sake ɗebo laka a faro daga farko, kuma da gaggawa. Bazara ce, fadamar ta kusa ƙafewa, tsakiyarta kawai ke da ruwa, lakar da ke ƙarƙashin ruwa kuma ita ake so. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya ya danna bututun roba cikin laka ya riƙe, ɗaya ya toshe shi tun yana cikin ruwa. Abokan karatunta duk ba su dawo daga hutu ba. Ni dai na yi maza na ce zan riƙe musu jaka. Yaya ta ce, "Ni na zubar, ni zan ɗebo."

Washegari muka ɗauki shatar keke-napep har inda hanya ta ƙare, muka ƙarasa da ƙafa. Jama'a, na ga ikon Allah! Yaya A'i, da takalmin roba har gwiwa, da safar hannu, ta ɗaure zani tamau, tana kutsawa cikin taɓo tana salati. Ba ta yi nisa ba takalmi ɗaya ya maƙale, ta ja, ƙafa ta fito takalmi ya ƙi, sai ji muka yi tsulum, ta zauna daram cikin ruwa. Kwaɗi suka watse.

"Mansir, ka kuskura ka yi dariya!"

Ai kuwa na kuskura, har sai da na riƙe ciki. Dorcas ma da idonta ya kumbura da kuka sai ga ta tana ƙyalƙyatawa. Yaya ta miƙe, ta harare mu, ta ce a miƙo mata bututu. Ta danna, ta riƙe, ko motsi ba ta yi, Dorcas tana toshewa, har suka cika abin da ake buƙata.

Da aka shirya sababbin kwalabe, Yaya ta kwashe kayan ɗakin ajiyarta ta ba su wurin, ta datse ƙofa, ta ƙulle makullin a bakin zaninta. Watanni ɗakin nan bai ga tsintsiya ba. Sau da yawa ina ganinta ta je bakin ƙofar da tsintsiya a hannu, ta tsaya, ta yi tsaki, ta juyo. Kullum kuma sai ta tambayi Dorcas, "Suna ci kuwa?" Dorcas ta ce sai an auna za a sani. Yaya har ta rame, tuwon kirki ba ta iya ci.

Aka auna, dafin ya ragu, amma saura a tsaya gaban malamai su yarda da aikin. Ranar da Dorcas ta tafi kare shi, Yaya ta fito da kujera ƙofar gida tun safe, wai iska take sha. Ta aika aka kira ni, wai in zo in duba mata wata riga, alhali so take a taya ta zama. Duk keken da ya tsaya sai ta miƙe. La'asar ta yi, sai ga Dorcas ta diro tun keke bai gama tsayawa ba, tana ɗaga hannu.

"Mama, na wuce!"

Yaya ta tare ta, ta kama fuskarta da hannu biyu. "Sun yarda? Da lakar tawa?"

"Da lakarki, Mama."

Sai Yaya ta rungume ta, ga kuka ga dariya, a gaban duk mutanen layi. Ta juyo ta dube ni, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Mansir, tun Ista ban yi barcin kirki ba. Saura kaɗan in kashe wa 'yar mutane karatu, da sabulu!"