Kafaɗar Mai Labule

Shekara ashirin da bakwai Mai Labule ta yi tana neman abinci da hannuwanta a sama. Ita ke auna taga, ita ke yanka yadi ta ɗinka, kuma ba ta yarda wani ya rataya mata, domin a ganinta labulen da ya karkace ya fi tagar da ba labule muni. Ta hau tsani a ofisoshi da shaguna da gidajen mutane, allurai a baki, tef ɗin awo a wuya, tana faɗa da duk kafintan da ya kafa mata sanda ba daidai ba. Gajeriyar mace ce mai saurin fushi da saurin hucewa, wadda in ta shigo gidanka za ta gaishe ka idonta na kan tagarka.

To wannan matar ce ranar nan ta kwanta a kan wani siririn gadon asibiti, wata ma'aikaciya sa'ar 'yarta tana ce mata, "Mama, ɗaga hannun ki kama wannan mariƙin da ke saman kanki," hannun kuma ya ƙi.

Sati bakwai kafin nan aka yi mata aiki. Ciwon daji ne a nonon dama, aka cire ƙullutun, aka kuma kwashe wasu 'yan ƙwayoyi a hammata. Ɗinki ya warke lafiya. Abin da ya rage shi ne gashi, wato na'ura ta riƙa haska wurin kullum na 'yan makonni don ta ƙone abin da wuƙa ba ta gani ba. Amma kafin a fara sai an yi awo, kuma awon ba ya yiwuwa sai majiyyaci ya ɗora hannu bisa kai ya bar shi can kusan minti ashirin ba motsi. Hannun Mai Labule ya taso daidai kafaɗa ya tsaya cak, wani abu kamar igiya ya ɗaure tun daga hammata har gwiwar hannu. Ta cije leɓe ta ƙara turawa, sai da ta ga duhu.

Likitan gashi bai ɓoye mata komai ba. Ya ce ya ba ta sati biyu. In ta dawo hannun bai hau ba, sai a ba wani gurbinta ta koma bayan layi, layin kuwa dogo ne, kuma irin ciwonta ba a son a ja masa lokaci bayan aiki. Sannan ya tambaya, "Ba a ba ku takardar motsa hannu ba ranar sallama?"

Mijinta, da ke zaune a gefe da jakar takardu a cinya, ya gyara murya. Shekara talatin ya yi yana adana fayil a wani ofis kafin ya yi ritaya, kuma bai taɓa ɓatar da takarda ba. Ya buɗe jakar, ya zaro ta a cikin leda, ko lanƙwasa ɗaya babu. Ya ce, da ɗan alfahari, "Ga ta nan. Na adana."

Mai Labule ta dube shi, ta dubi takardar, mai zanen wata mata tana hawa bango da yatsu. Yau ta fara ganinta.

A mota jira kawai take su isa gida ta sauke wa Yaya nata kason. Yaya ita ce babbar yayarsu, wadda ta goye ta tana jaririya, kuma har yau Auta take ce mata. Tun ranar aiki ta tattaro kayanta ta tare a gidan. Ita ta ɗaure hannun da mayafi a wuya, ita ta riƙa tokare shi da matashi, ita ke yi mata wanka da taje kai. Har kwanukan da ke saman kanta ta sauko da su ƙasa, kada Auta ta yi miƙa ɗinki ya fashe. In Mai Labule ta kai hannu za ta ɗauki kofi, sai ta tarar kofin ya riga ya zo bakinta.

"Kun kashe min hannu da tausayi," in ji ta tun daga bakin ƙofa. "Ke kin ɗaure, shi ya adana."

"Ni na ce ki zauna, ke kuma kika zauna," Yaya ta ce. "Yaushe kika fara jin maganata?"

Wannan ita ce ta fi ƙona mata rai, domin gaskiya ce. Ta ji tsoron ɗinkin. Kuma, abin kunya, ta ji daɗin zaman. Mace da tun tana budurwa ba wanda ya taɓa miƙo mata ruwa, sai ga shi ana tambayarta ko matashin ya yi mata tauri. Ta miƙe ƙafa ta sha hidima sati bakwai, ga sakamakon.

Washegari aka kai ta wurin mai motsa gaɓɓai, wata doguwar mata marar yawan magana. Ta murza tabon da babban yatsa har Mai Labule ta kusa zaginta, sannan ta koya mata abin da za ta riƙa yi sau uku a rana: ta tsaya gaban bango, yatsunta su riƙa hawa a hankali har inda ya fara ja, ta tsaya ta ƙirga goma, ta sauko. Ta ce ja daban, zafi mai sara daban, in ta ji na biyun ta dakata.

A gida abin ya zama wasan kwaikwayo. Da ta fuskanci bango sai mijinta ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "A hankali dai." Da ta yi nishi sai Yaya ta taho da gudu ta tallafe gwiwar hannun, wato daidai abin da aka ce kada a yi. Ta kore su, su koma bayan ƙofa, tana jin numfashinsu. Ga shi aikin kansa ya ishe ta. Babbar mace, ana ce mata ta hau bango da yatsu kamar ƙadangare, ta je sama ba ta ɗauko komai ba, ta sauko ba ta kawo komai ba. Kwana huɗu ta yi a haka, hannun bai ƙara ko faɗin yatsa biyu ba. Rana ta biyar ta zauna a bakin gado ta yi kuka, na haushi, ba na ciwo ba.

Da ta share ido sai ta kira mijinta. "Malam, ɗauko min sandar labule ɗaya a shago, da ƙusoshi, da jakar zobba."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Kada ka adana su. Kawo su."

Ta sa shi ya kafa sandar a bangon zaure, ɗan sama da inda hannun ke tsayawa. Zobban labule na roba ne, ba su da nauyin komai. Ta riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya da hannun dama tana zura su a sandar, tana tura kowanne har ƙarshe. Arba'in ne a jakar. In ta gama ta zare su ta sake. Da ta gaya wa mai motsa gaɓɓai, matar ta ce ba laifi, muddin ba ta ɗage kafaɗa ko ta yi ɗage da ƙafa don ta yi wa sandar wayo ba. Mai Labule ta ji haushi, domin tana yin duka biyun.

Abin mamaki, hannun da ya ƙi bango ya yarda da sanda. Ya san aikin, yakan kai kafin ta tuna tsoro. Duk bayan kwana biyu Malam ya cire ƙusa ya ƙara sama, kuma sau biyu ta sa shi ya sake domin ya kafa a karkace. Bangon zaure ya cika da huji.

Saura Yaya. Korarta ba ta yiwuwa, barinta haka ma ba ya yiwuwa. Sai Mai Labule ta ba ta aiki. Da yamma takan kwanta a ƙasa ta ɗora hannu bisa kai kamar yadda za a yi a asibiti, Yaya kuma ta zauna a kujera da agogo, da sharaɗin hannuwanta biyu suna bayanta.

"Minti nawa?"

"Shida. Auta, fuskarki ta canza. Ki huta."

"Yaya, agogo na ce ki duba, ba fuskata ba."

"Ai ba zan iya kallonki kina wahala ba."

"To juya baya."

Ta juya, tana ƙunƙuni cewa ita ba a taɓa wulaƙanta ta irin na gidan nan ba. Daga shida suka kai tara, daga tara sha huɗu. Ana gobe komawa suka tsaya a sha bakwai, saura uku su kai ashirin ɗin da ake so.

Ranar awo ma'aikaciyar nan dai ta kwantar da ita, ta gyara mata kai, ta ce ta ɗaga. Hannun ya wuce kafaɗa, ya wuce kunne, igiyar hammata ta ja kamar za ta tsinke, yatsunta suka taɓa mariƙin suka kama. Ma'aikaciyar ta ɗan tokare gwiwar da wani abu mai laushi, ta ce, "Yauwa Mama. Kada ki motsa, muna ganinki ta gilashi." Sai kowa ya fita, aka ja ƙofa mai nauyi.

Sati biyu tana roƙon a ƙyale ta ita kaɗai, yau an ƙyale ta. Ɗakin da sanyi, ba taga ko ɗaya, sai ƙugin na'ura. Ba mai cewa a hankali, ba mai numfashi a bayan ƙofa. Nan ne, ƙirji a buɗe, hannu a sama, ta tuna abin da faɗan kafaɗa ya mantar da ita, cewa ciwon daji gare ta, kuma tana tsoron mutuwa. Hawaye suka gangara cikin kunnuwanta, ba halin sharewa. Ta riƙe mariƙin nan har yatsunta suka daina jin komai.

Ƙofa ta buɗe. Aka yi mata 'yan ɗige-ɗigen tawada a fata, aka ce awo ya yi, za a fara gashi ranar Litinin. "Sauke hannun, Mama, an gama."

Hannun ya ƙi sauka. Ya sandare a can, yatsun sun ƙi sakin ƙarfen. Ma'aikaciyar ta matso za ta taimaka, Mai Labule ta ce, "Bari, 'yata. Kira min yayata, tana waje."

Yaya ta shigo da sauri, ta zo bakin gadon, sai ta tsaya. Ta mayar da hannuwanta biyu baya, idonta jajur, tana kallon hannun da ya maƙale a sama.

"In taɓa?" ta ce.

"To me kike jira, Yaya? Taɓa mana."