Gurabe Uku da Suka Rushe wa Gwaggo Aiki

Gwaggona malamar lissafi ce a kwalejin horar da malamai, kuma ban taɓa ganin ta shanye shayinta a zaune ba. Ɗalibai "Ba-Zama" suke ce mata a bayan idonta. Tana koyarwa tana zagaya aji, gefen mayafinta duk alli.

Abin da ya hana ta sukuni shi ne jadawalin lambobi, layi-layi, da aka bar wasu gurabensa babu komai. Yaushe za a iya cike guraben har dukan layukan su fito daga layi ɗaya ko biyu kacal, ta hanyar ninkawa da haɗawa? Ta haƙiƙance in dai kowane yankin da babu gurbi a cikinsa ya bi ƙa'idar, to jadawalin duka zai bi. Ta yi shekaru tana neman hujja. Ƙofar kicin ma ta koma allo.

"Malama," in ji mijinta, "yau miyar ce ke da gurbi, babu gishiri."

"Cike shi da kanka," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba.

Wata rana da hantsi a kwaleji, wata abokiyar aikinta ta zana mata ɗan jadawali: layi uku, kowanne da lamba biyu da gurbi ɗaya. Kowane yanki lafiya lau, amma duk abin da aka zuba a guraben, layukan sun ƙi fitowa daga layi ɗaya. Gwaggo ta gwada, ta goge, ta sake gwadawa. Sai ta suri jaka ta taka har gida, ta manta cewa da mota ta zo.

Na tarar da ita tana kai-kawo a falo.

"Gwaggo, lafiya?"

"Ina fa lafiya, ɗan nan! Abu kamar tafin hannu ya rushe min aikin shekaru. Kuma gaskiyarta ce, abin haushin ke nan."

Ta ɗan jima tana ɗaure wa matar fuska. Da zuciyar ta sauka, ita da kanta ta ja kujera zuwa teburin matar. Suka sauya tambayar: wane irin tsarin gurabe ne ba ya kawo wannan cikas? Sun samu amsar wani ɓangare, aka buga a wata mujallar lissafi da sunayensu biyu.

Na kai mata barka, ta ce, "Barkar me? Rabin aiki?"

Ta yi ritaya yanzu. Abokiyar ta koma wani gari, amma har yau suna musu a waya, muryar Gwaggo har bakin titi.