Kaset Ɗin da Ya Cika Kafin Sallama

Jiya maƙwabciyarmu na wanke-wanke, ƙwarya ta kife mata a ruwa, ta ƙwanƙwasa ta da ludayi. Wallahi sai da na toshe kunnuwana.

Ina yarinya a Dingaya, wannan amon na murna ne. Da kaka, in dawa ta shiga rumbu, kakata takan tara tsofaffin unguwa a tsakar gida, a cika masaki da ruwa, a kifa ƙore a kai. Gida ya ɗauki ƙanshin hayaƙin kara da man shanu. Ita ke ba da waƙa, su amsa, har wata ta miƙe tana rangaji, ido a juye. Daga nan akan kora mu waje. Ba mu taɓa ganin ƙarshen ba.

Kawuna ya taɓa ɗaukar kiɗan a kaset. Kakata ta ce masa, "Ɗan nan, ba a ajiye wannan a akwati." Dariya ya yi.

Bara, bayan rasuwarta, makarantar ƙanwata a Birnin Kudu ta nemi wasan gargajiya. Ni na sa aka juye kaset ɗin a waya, ni na koya wa 'yan matan baiti-baiti. Ranar wasa, inda sautin ya yanke nan suka tsaya, aka tafa. Ƙanwata ba ta tsaya ba. Ta yi ta rangaji har ta zube.

Tun ranar ba ta dawo daidai ba. Asibiti ba su ga komai ba, ruƙiyya kuwa an yi har ba adadi.

Na je Farin Dutse wajen tsohuwa ɗaya da ta rage cikin 'yan amshi. Ta ce, "Kun yi sallamar?"

"Wace sallama, Inna?"

Sai ta yi mini bayani. Ashe akwai waƙar ƙarshe da ake sallamar waɗanda kiɗan ya kira, a birkice ƙoren, a zubar da ruwan. Kaset ɗin ya cika kafin a kai wurin.

Na durƙusa ina roƙonta. Ta rera 'yan kalmomi, ta tsaya. "Kakarki ke bayarwa, jikalle. Ni amshin kaɗai na sani."

Yanzu kowa da wayarsa, komai ɗauka ake yi, kowa na ganin ya adana. Ni ban san me zan yarda da shi ba, karatuna bai hana ni tsoro ba. Na dai haddace amshin. Kullum ina zaune gefen katifar ƙanwata da shi a bakina, babu mai ba da waƙar.