Kabarin da Ke Bayan Tukwanen Gishiri

Mun bar Lafiya da sassafe, Alhaji yana idar da sallar asuba muka hau hanya. Mu uku ne a tsohuwar motarsa. Shi yake tuƙi, Malam yana gefensa da rikoda a cinya, ni ina baya da ƙunshin mujallu. A but ɗin motar akwai ɗaurin itace guda. Nawa ne.

Malam tsohon malamin makaranta ne, mutumin Eggon. Alhaji ɗan cikin gari ne, yana da injin buga takardu kusa da tasha. Su biyu suka kafa mujallar tarihin Lafiya bayan rikici. Suna bin tsofaffi gida-gida, Alago da Migili da Gwandara da Tibi da Fulani da Hausawa, suna ɗaukar maganarsu kafin su mutu da ita. Ni ba na karatu. Ƙosai da doya nake soyawa a ƙofar shagon Alhaji, yana ba ni takardun da suka lalace ina naɗa wa masu saye. Wata rana na ɗauko takarda zan zuba ƙosai, sai na ga fuskata. Ni ce da itace a ka, gefena Inna mai gishiri tana juya shi a tukunya. Tsohon hoto ne da suka samo a akwatin wani mai hoto da ya rasu.

Na ce wa Alhaji, wannan ni ce. Malam ya kusa faɗuwa daga benci. Suka ce hoton za su sa a bangon mujalla, da sunana da na Inna, in har tana raye kuma ta yarda.

Ga yadda muke da ita. Ni Tibi ce, a ƙasar Awe na yi aure. A ƙauyen gishirin da ke kusa da mu, kowace mai dafa gishiri tana da mai kawo mata itace. Ki kawo itace, a ba ki gishiri. Ba kya canja tukunya, ita ma ba ta karɓar itacen wata. Shekara ashirin ni ce ta Inna. Ran da rikici ya iso mana, mijina ya tafi ƙauyen gishirin da safe bai dawo ba. Na kwashi yara muka bi daji har Lafiya. Shekara shida ke nan, ban san inda yake kwance ba, ko ma an binne shi. Babban ɗana zai yi aure, kullum tambayarsa ɗaya, ina kabarin ubansa. Su Malam hoto ya kai su wurin Inna. Ni wannan ya kai ni.

Mun tsaya a Agyaragu, domin Malam yana da mai kemis da ke sayar musu da mujalla. Na fitowar baya suna nan a kan kanta, rana ta cinye launinsu. Mai kemis ya ce mutane suna karantawa a tsaye su ajiye. Alhaji ya ce, "Ka gani, Malam? Mai ƙosai kaɗai ke amfana da tarihinmu." Malam ya ce, "Ai injinka ne ke buga rubutu kamar sawun kaza." Haka suke tun da na san su. Muka karya da kunun gyaɗa da soyayyar doya ta naira ashirin. Man ya kwana biyu a kasko. Na ci hakanan, sana'ar wata ce.

Har Obi hanya da dama-dama. Daga nan sai ramuka. Ƙarshen rani ne, zafi ya fara tun kafin hantsi. Manyan motoci suna wuce mu da buhunan riɗi da agushi. Can gaba motoci suka ragu, mutane suka ragu. Sai ka ga mangwaro biyar ko shida a tsaye wuri ɗaya, sun yi 'ya'ya har suna zuba, babu gida ko ɗaya a ƙarƙashinsu. Mangwaro ba ya shuka kansa a jere. Duk inda ka ga haka, gari ne a da.

Malam ya buɗe littafinsa yana tambayata sunayen wuraren. Na san su duka. Wannan namu ne. Wancan na su Inna ne, mutanenmu suka ƙone shi. Wancan kuma an gauraya, coci a gabas, masallaci a yamma, yanzu duk ciyawa. Wasu sun dawo sun kafa sabon kwano a kan bangon da ya yi baƙi. Wata mata tana shanya rogo a bakin titi, ta bi motarmu da ido har muka ɓace. Alhaji ya kashe rediyo. Daga nan babu wanda ya ƙara wasa.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Mun isa rana tana tsaka. Warin hayaƙi da gishiri ya tare mu tun daga nesa, yana nan yadda na bar shi. Mata suna ɗebo ruwan gishiri a tafki suna yayyafa wa ƙasa, wasu suna kankare wadda ta bushe, wasu suna tace ta a tukwane masu huda. Abin da ya canja shi ne wuta. A da murhu ya cika filin, yanzu rabinsu a mace suke. Masu itace sun gudu.

Na sauke ɗaurina daga but, na ɗora a ka. Inna tana wurinta. Ta rame, ido ɗaya ya yi fari. Na ajiye itacen a gefen murhu, inda na saba. Ta dube shi kafin ta dube ni.

"Mai-itace," ta ce. "Kin makara."

"Hanya ce ba kyau, Inna."

"Kuma ɗanye kika kawo min, halinki yana nan."

Busasshe ne, ta sani. Ta kama hannuna ta riƙe, ba ta saki ba har muka zauna. Wani magidanci ya kawo tabarma da ruwa, ya gaishe mu kansa a ƙasa, ya tafi. Ɗanta ne na fari. Na goya shi a bayana yana ƙarami, lokacin da uwarsa ke kan wuta.

Malam ya nuna mata hoton. Ta kai shi kusa da idon mai gani, ta ce ashe ta taɓa yin kyau. Ya kunna rikoda ya ajiye a kan turmi, ya yi ta tambaya. Ta gaya masa yadda ake gane gishiri ya nuna, da garuruwan da ake zuwa saye daga can, da yadda ta koyi Tibi a bakina ni kuma na gyara Hausata a bakinta. Da ta gaji, Malam ya ce an gama, ya rufe littafi, suka tafi da Alhaji ganin tafki. Malam yana da wata ɗabi'a ta aikinsu. Ba ya kashe rikoda in ya ce an gama, wai tsofaffi sai an gama suke faɗin gaskiya. Ni ban tuna ba. Inna ba ta sani ba.

Na ce, "Inna, ina mijina?"

Ta daɗe tana tura itace a wuta. Sannan ta faɗa, ba ta ɓoye komai ba. A bakin tafki suka tare shi, samari ne da yawa. Ɗanta yana cikinsu. Ta ce ba ta san ko hannunsa ya taɓa shi ba, ba ta tambaya ba, tana tsoron amsar. An ce a bar gawar a nan. Ita ta ce wa ɗan nata, ko ya ɗauki fartanya ko ta tsine masa a gaban jama'a. Shi ya haƙa ramin, ita ta ba da zaninta. Su biyu kawai suka sani, ga ni ta uku.

"In mutanena suka ji, sun ce na ci amanarsu," ta ce. "In naki suka ji, za su zo neman ɗana. Yanzu yana hannunki."

Ta tashi ta kai ni bayan tukwanen, inda ake zubar da ƙasar da aka gama tacewa. Wurin fari ne fat, ko ciyawa ba ta fitowa. Akwai fasasshiyar tukunya a kife, an danne ta da dutse. Ta ce duk damina ruwa yana gusar da ita, tana mayarwa. Na durƙusa. Na gaya masa yara suna nan, babu wanda ya mutu a hanya. Na yi addu'a gajeriya. Ban yi kuka ba, na riga na gama shi a Lafiya.

Da za mu tafi ta auna min gishirin itacena, ta ƙara da hannu kamar kullum. Ɗan nata bai fito ba.

Mun wuce mangwarorin nan Malam ya kunna rikoda don ya ji ko ta ɗauka da kyau. Ta ɗauka. Muryar Inna ta cika motar, har ƙarar itace a wuta. Alhaji ya gangara gefen hanya ya tsaya. Muka saurara har kaset ya ƙare.

Malam ya ce, "Alhaji, don wannan muka kafa mujallar nan. Shekara nawa muna neman wanda zai faɗi haka?"

Alhaji ya ce, "Ka buga shi ran Litinin, ran Juma'a a ƙone tsohuwar nan. Ba da injina ba."

"In mun ɓoye, me muke yi ke nan? Naɗin ƙosai?"

"Ta yarda ka ɗauka?"

Malam ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Shi ma an kashe masa ƙane a rikicin, bai taɓa samun wanda ya gaya masa ko da rabin haka ba. Can ya ciro kaset ɗin ya miƙo min baya, bai juyo ba. "Mama, ki yi haƙuri. Sata na yi. Naki ne."

Na sa shi a cikin ƙunshin gishiri. Daga Obi zuwa Lafiya ina jin sa a cinyata. Na san ƙofofin da zan kai shi a ɗauki magana. Na san samarin da za su so su ji shi, ɗana yana cikinsu. Mun shiga gari da la'asar, kasuwa tana ci, 'yan acaɓa suna zagin juna kamar ba a taɓa kashe kowa ba.

Washegari na hura wutar ƙosai a ƙofar shago. Su biyu suna zaune a benci. Na zare zaren kaset ɗin duka, na tura shi ƙarƙashin kasko. Ya yi wari ya ƙone. Malam ya kalli wutar har ta cinye. Alhaji ya ce a ba shi na goma, da yaji.

Mujallar ta fito bayan wata biyu. Babu fuskata, babu ta Inna, sai tukwane a kan murhu da Malam ya ɗauka ran da muka je. An ce ya rubuta shafi huɗu a kan itace da gishiri, bai sa suna ko ɗaya ba. Tsohon hoton yana cikin akwatina.

Abin da na koyo a tafiyar ba shi da yawa. Masu tarihi suna tsoron a manta. Ni na ga akwai abin da in an faɗa da wuri, sabon rami za a haƙa. Ban yafe wa ɗan Inna ba, ban kuma ce zan yafe ba. Ɗana ya sake tambayata. Na ce an binne ubanka da zani mai kyau, akwai mai gyara wurin duk damina. Ya ce wane ne? Na ce mai gishiri ce. Na zuba nata a miyar ranar, muka ci.