Ƙashin Akuya a Wuyan 'Yata

Sati uku tsohuwata tana kwance a ƙauyenmu bayan Manchok, kuma saƙonta ɗaya ne kullum: a kawo mata takwararta. Takwarar ita ce 'yata ta fari, wadda na sa wa sunanta, shi ya sa nake ce mata Mama. Ni kuwa ina Kafanchan ina ta jan ƙafa, yau in ce mota, gobe in ce ruwan sama. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan. Tsohuwa ba ta jin Hausa sai ta gaisuwa, Mama kuma ba ta jin yarenmu.

Wata Asabar da hantsi na tarar da Mama a baranda ta baza takardu. Hutu ta zo daga jami'a, inda take karatun tarihi. Na ce me ake koya musu haka da ko kai ba ta ɗagawa. Ta ce labarin mutanen Wales ne, wata ƙasa mai duwatsu a gefen Ingila, a shekara guda, 1847.

"Af! Duk tarihin da ke ƙasar nan bai ishe ku ba, sai an kwashe ku zuwa can?"

"Baba, zauna ka ji."

Na zauna. Ta ce mutane ne masu kiwon tumaki da haƙar kwal, masu yarensu daban da Turanci. Ranar Lahadi babba da yaro suna cika majami'a suna karanta Littafi Mai Tsarki da yaren nan, ga waƙa, har gasarta suke yi. Na yi dariya na ce ashe 'yan'uwanmu ne. Sai ta ce a wannan shekarar gwamnati ta fitar da rahoton wasu mutum uku da ta tura duba makarantunsu, ba wanda ke jin yaren a cikinsu. Suka rubuta cewa yaren ne ya hana mutanen ci gaba, suka haɗa har da zagin matansu.

Raina ya ɓaci nan take. "Ka ji marasa kunya! Ka shiga gidan mutum ba ka jin abin da yake faɗa, ka fito ka ce jahili ne?"

Ta juya takarda ta ci gaba, a hankali. A wasu makarantun can, in ji ta, akwai ɗan katako mai igiya. Yaron da aka ji ya yi yare sai a rataya masa a wuya. Shi kuma ya kasa kunne, in ya kama wani ya miƙa masa. Wanda aka tashi yana wuyansa, shi ke shan bulala.

Ni ba katako na yi amfani da shi ba, ƙashin muƙamuƙin akuya ne.

Lokacin ina hedimasta a wata firamare a nan garin. Ga 'ya'yan Inyamuran da aikin jirgin ƙasa ya kawo, ga na Fulani, ga namu, kowa da bakinsa. Ina son makarantata ta zo ta ɗaya a jarrabawa. Ba wanda ya aiko ni, ni na samo ƙashin a mahauta, na huda shi da ƙusa, na zura igiya.

Mama tana aji uku. Wani mako tsohuwa ta kawo mana ziyara, bakin yarinya ya cika da yare. Ana dab da tashi ta kira ƙawarta da yarenmu ta zo su ci gyaɗa, wani ya ji, ya cire ƙashin ya saka mata. Da aka taru a fili malamai suka zuba mini ido, su ga ko zan ɗaga wa tawa ƙafa. Ni da zafin kaina, sai na ninka mata bulalar. Ko hawaye ba ta yi ba. A gida kakarta ta ga shatar a ƙafafunta, ta tambaye ta da yare me ya same ta. Mama ta amsa da Turanci. Tun daga ranar ban ƙara jin kalmar yarenmu a bakinta ba, har kunnen ma ya toshe. Uwarta ta yi ta yi mini magana, na ce ƙuruciya ce. Kai, har alfahari na riƙa yi da Turancinta a gaban baƙi. Allah ya gafarta mini.

A barandar nan sai na daka mata tsawa ta kwashe takardunta, gobe bayan sujada a majami'a za mu ƙauye.

Mun isa da rana tsaka. 'Yan zumuntar mata na majami'a suna zaune a tsakar gida suna waƙa ƙasa-ƙasa. Tsohuwa ta rame ƙwarai, amma da ta ga Mama sai ta kama hannunta ta ƙi saki. Na jawo kujera na zauna don in riƙa fassara.

"Fita," in ji tsohuwa da yare.

"Ba ta ji, Iya. Bari in tsaya in gaya mata."

"Abin da kaka ke bar wa takwararta ba ya bi ta kunnen namiji, ka sani. Jinina ce, za ta ji. Su ma na waje kada wadda ta shigo."

Na fita na tsaya jikin rumbu. Ina jiyo muryarta tana tashi tana sauka, wani lokaci kamar dariya, wani lokaci kamar tana lissafa sunayen mutane. Ta kusa awa guda tana magana. Daga nan ta yi shiru, ba ta kuwa sake magana da kowa ba har ta cika ranar Talata.

Mama ta fito tana share fuska da gefen ɗankwalinta. Na tare ta.

"Me ta ce miki?"

Ta dube ni, ba fushi a idonta, da ma fushin ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ban sani ba, Baba. Duk inda ta tsaya sai in gyaɗa mata kai. Ta ji daɗi sosai."